Shuɗi Biyu a Jikin Mutum Ɗaya: Zuwa ga Taubashina na Aliero

Ɗan Gwaggo, bawana, ga gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa, wadda ba a tashi tsaye don a yi ta. Ina fata albasa ta yi kai, ina fata ba ta ruɓe maka a rumfa ba kafin kasuwa ta tashi. Bayan haka akwai ƙara a kanka, kuma tun da ka ƙi tsayawa a zaure ka ji, to ka ji a jarida, inda ba ka da bakin katse ni.

A ɗaurin auren da dangi suka yi a Maiyama an fitar wa maza ankon shuɗiyar shadda. Kowa ya zo da nasa, kai ma ka zo da naka: babbar riga da 'yar ciki ruwan sararin samaniya, wando kuwa wani shuɗin ne daban, ya ɗan fi su duhu, ya ɗan karkata wajen ruwan toka. Da duhun ya yi yawa, da sai a ce da gangan ka yi. Ɗan kaɗan ne, daidai wanda zai sa mutum ya dube ka, ya kau da kai, ya sake dubowa don ya tabbatar lafiyar idonsa ƙalau. Wani dattijo daga dangin ango har tabarau ya cire ya goge da bakin rawani. Da na matso na yi maka magana a kunne, don in rufa maka asiri, sai ka ɗaga murya kowa na ji ka ce, "Mi ad da shi? Ai duka shuɗi na!"

Duka shuɗi ne, ban musa ba. Haka ma abin da kake zubawa a buhu duka albasa ce, amma ban taɓa ganin ka haɗa manya da ƙanana, ja da fara, ka ce wa mai saye daga Anacha ya ɗauka ai duk ɗaya ne ba. Wuni kake yi a kan tabarma kana warewa, kana jujjuya kowace ɗaya a hannu. Idon da ke gane albasar da za ta ruɓe tun ɓawonta na sheƙi, shi ne wai ya kasa bambance riga da wando. A'a, ɗan Gwaggo. Idon ya gani. Aljihun ne ya ce a yi shiru.

Na bi diddigin maganar, don mu Jegawa ba ma yanke hukunci a kan jita-jita. Kowa ya san cikakken ɗinkin namiji, riga da 'yar ciki da wando, yadi goma yake ci. Da aka tara kuɗi za a yi sari daga Kantin Kwari a Kano, kai kaɗai ka ce a yanko maka bakwai, wai teloli ne ke cin sauran. Tela ya yanka riga, ya yanka 'yar ciki, ya duba ya ga abin da ya rage ko aljihun wando ba zai fitar ba. Sai ka yagi ƙyalle ka ba yaro, ka tura shi kasuwa bayan magariba ya nemo mai kama da shi, kuma mai sauƙi. Yaro ya kara ƙyallen a jikin wata shadda ƙarƙashin ƙwan lantarki, ya ga sun dace, ya biya, ya kawo maka canji, ka yi murna. Araha ba ta ado, amma kai sai da ka je Maiyama aka karanta maka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne hanya. Ba yadda za a yi mutum ya taso daga Aliero ya nufi Maiyama bai ratsa ta Jega ba. Ka wuce ta ƙofar gidan kawunka, ka wuce garin da tun kafuwarsa mutanensa ke auna yadi, ba ka tsaya ka ce wa kowa ya duba ka ba. Ko yaron shago da ka tsayar a mararraba, da ya faɗa maka gaskiya kyauta.

Bari in koya maka abin da kowane mai sayar da yadi ya sani. Rini ba ya maimaita kansa. Ko masana'anta ɗaya ce, ko lambar launin ɗaya ce, bandir ɗin da aka rina yau da wanda aka rina bayan wata biyu sai an sami ɗan bambanci, saboda ruwan ya canza, zafin ya canza, audugar ma ba daga gona ɗaya ta fito ba. Shi ya sa masu fitar da anko na gaske suke saye gaba ɗaya a rana ɗaya. Shadda kuma ta fi sauran yadi fitina, domin adonta saƙa shi aka yi a jikinta, ba buga shi aka yi ba, kuma sheƙinta yana bin inda haske ya faɗo. Tela ya juya ta kai ƙasa wajen yanka, sai hannun riga ya yi kamar ba ɗan gidan ba. Ƙwan lantarki kuwa maƙaryacin shaida ne: launi biyu za su rantse maka a cikin shago cewa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, ka fito da su rana su rabu. Ba ka taɓa lura ba, mai shagon kirki yakan ce ka fita da yadin waje ka duba? Sannan ga wanki, ga sitaci, ga bugu, kowanne yana rage wani abu ko ya ƙara. Riga da wando na bandir ɗaya ma, in ana wanke wandon kullum ana ajiye rigar sai Juma'a, kafin shekara sun daina gaisawa. Balle naka da tun farko ba su san juna ba. Rigar daga shaddar da dangi suka saro take, mai nauyi, irin wadda ake gwadawa da gezna, ta kamfanin Getzner da ke garin Bludenz a Ostiriya tun 1818. Wandon kuwa Allah kaɗai ya san jirgin da ya sauke shi.

Da na ɗauka a nan maganar za ta tsaya, sai na ji wai ka sami lauya. Ɗanka da ke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta garinku, wadda aka kafa a 2006 don a wayar da ku, ya nuna maka a waya cewa mutanen tsaunukan Sikotlan sukan sa tufafin gargajiyarsu mai gida-gida, na sama daban na ƙasa daban, ba wanda ya ce musu uffan. Tun daga ranar kake yawo a kasuwar albasa kana cewa kai adon Turawa ka yi. To zauna in ba ka labarin mutanen da ka kira shaida, ka ga ko za su fitar da kai.

Yadin nasu sunansa tatan, saƙar ulu ce mai layuka masu gittawa juna. Maza suna ɗinka shi siket mai tattara a baya, su ɗaura a ƙugu ya tsaya a gwiwa, wani lokaci su yafa wani yankin a kafaɗa. Siket ɗin kaɗai yakan ci yadi takwas, ka ji mutanen da ba sa rowar yadi. A da can, kowa abin da masaƙin yankinsu ya saƙa yake sawa, da rinin da aka samu daga ganye da saiwa da gansakuka. Akwai wani zanen hoto na wajen 1749 da ke ajiye a Edinbara, na wasu yara biyu 'ya'yan gidan Macdonald, ɗaya riƙe da bindiga ɗaya da sandar wasan golf. Tsakaninsu su biyu tatan iri daban-daban ne a jikinsu. 'Ya'yan sarauta ke nan, ba wanda ya ce sun yi kuskure. Har nan lauyanka yana da gaskiya.

Sai dai bai karanta maka sauran ba. Bayan yaƙin Culloden na 1746, gwamnatin Birtaniya ta hana mazan tsaunukan sa waɗannan tufafi, in ban da sojojinta. Wanda aka kama karon farko wata shida a kurkuku, karo na biyu a kore shi zuwa ƙasashen hayin teku shekara bakwai. Sai 1782 aka soke dokar. Da aka dawo za a farfaɗo da abin, sai ya dawo da sabuwar fuska. A 1815 wata ƙungiyar mutanen tsaunukan da ke zaune a Landan ta nemi kowane shugaban zuri'a ya aiko da samfurin tatan ɗin gidansu, da yawa daga cikinsu suka rasa abin da za su aika, don ba su taɓa jin gidansu na da wani zane nasa na kansa ba. Kamfanin saƙa na Wilson da ke Bannockburn yana da zane-zane masu lamba, sai aka shiga cire lamba ana liƙa sunan zuri'a. A 1822 Sarki Joji na Huɗu ya ziyarci Edinbara, marubuci Walter Scott ya shirya bikin, aka ce manya su zo cikin tatan. Sarkin da kansa ya ɗaura siket, ya zo masa gajere, ya sa matsattsen wando ruwan hoda daga ciki don ya rufe ƙafafu. Shekara ɗari biyu ke nan ana yi masa dariya, don haka kada ka ɗauka taka za ta wuce da wuri. A 1842 kuma wasu 'yan'uwa biyu masu da'awar jinin sarauta suka buga littafi cike da zane-zanen da suka ce daga tsohon kundi suka kwafo, daga baya aka gano ƙirƙira ce, amma zuri'o'i da dama har yau nasu suke sawa.

Ka ga ashe ankonsu ma na baya-bayan nan ne. Kuma da ankon ya zo, sai ya zo musu da irin ciwon da ya kama ka. Tun 2009 suna da rajistar gwamnati inda ake rubuta kowane tatan, ana ƙirga zare nawa ne ja, nawa ne kore, nawa ne shuɗi, da yadda suke bin juna. Amma wane irin shuɗi, wannan yana hannun masaƙa. Zane ɗaya ana fitar da shi da launi mai ƙarfi, da mai haske, da wanda aka dusashe kamar ya sha rana. Mutum ya sayi siket daga wannan masaƙa, bayan shekara biyar ya sayi mayafin kafaɗa daga waccan, sunan zuri'a ɗaya, lissafin zare ɗaya, ya tsaya gaban madubi ya ga kore biyu suna harara. Shawarar da masu sayar musu suke bayarwa ita ce wadda yaron shago a Jega zai ba ka: ka saya wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Shaidunka sun zo kotu sun ba da shaida a kanka.

Kuma me ya kai ka Sikotlan neman hujja, alhali tana cikin adakar kakanmu? Lokacin da Joji ke fama da siket ɗinsa, Jega jaririyar gari ce. Wajen 1820 Buhari ɗan Abdussalami Bagimbane ya kafa ta a bakin gulbi, kafin ƙarnin ya ƙare ta zama kasuwar da fatake masu zuwa Gwanja sayo goro suke yada zango. Tufafi na cikin manyan kayan da suke ɗauka. Ka tambayi tsofaffi yadda babban mutum yake shiga a wancan zamani. Rigar saƙi mai ɗigo-ɗigon shuɗi da fari irin na jikin zabo, wadda ita ce 'yar'uwar tatan ɗin da kake taƙama da shi. A ƙarƙashinta farar gare. Wando mai kamun ƙafa da aikin alharini ja da kore. A kai rawani ɗan Kura, baƙi wuluk yana ƙyalli, yana barin shuni a goshi. Wani ya ɗora tsamiya, wani barage. Launi huɗu ko biyar a jikin mutum ɗaya, kowanne ya tsaya da ƙafarsa. Rigar kanta daga sawaye sirara aka harhaɗa ta, kuma marini bai taɓa yi wa kowa alkawarin cewa karofin yau zai ba da abin da na jiya ya bayar ba. Baba da toka da katsi ne, sai yadda ruwa ya nuna. Ba wanda ya nemi su zo ɗaya, don haka ba wanda ya ji kunya. Ka dubi mahayan Sarkin Gwandu ranar hawan salla, har yanzu a kan wannan tsari suke, riga kan riga, alkyabba daban, rawani daban, kuma ba ka iya kau da ido.

Ɗinki uku daga yadi ɗaya ɗan zamani ne, ya biyo yadin kanti da rinin bature. A 1856 wani saurayi a Ingila, William Perkin, ya gano rinin haɗi na farko, a 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da ba a shuka ba. Daga nan aka iya rina dubban yadi su fito kusan ɗaya, ido ya saba, har ya fara neman abin da bai taɓa nema ba. Anko kuma ya hauro mana daga ƙasar Yarbawa ya sami wurin zama. Wanda ya shiga anko ya yi alkawari ne a gaban jama'a cewa shi da 'yan'uwansa abu ɗaya suka sa. Kai ka ɗauki alkawarin, ka cika shi daga wuya zuwa gwiwa, ka saɓa daga gwiwa zuwa idon sawu.

Nan ne gaba ɗaya laifinka yake. Da farin wando ka sa a ƙarƙashin shuɗiyar rigar nan, wallahi da na tashi na ba ka wuri, in ce bawana ya gaji kakanni. Da baƙi ka sa, ko ruwan ƙasa, da an ce Alhaji ya san abin da yake yi. Bambanci in ya fito fili, mai kallo ya san zaɓi ne. In ya ɓuya yana leƙe, mai kallo ya san an so a yi daidai ne aka kasa, sai ya shiga lissafin dalili: ko kuɗi ne suka gaza, ko tela ne ya ci, ko aro aka yi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma ya fi sanin ta idan abu biyu suna gefen juna. Wandonka shi kaɗai a kan igiya ba wanda zai zarge shi. Rigar ce ta tona shi, shi ma ya tona ta. Kama da wane ba ta wane.

Akwai wurin da nake rufe bakina, don kada ka ce ba ni da tausayi. A ɓangaren mata na ga atamfar anko kala ɗaya mai fuska uku. Waɗanda suka biya da wuri sun sami sarin farko. Waɗanda suka makara an ƙaro musu daga wani sarin, jan ya ɗan ja baya. Akwai kuma waɗanda suka je suka nemo mai zanen iri ɗaya amma ƙaramar daraja, don turmin asali ya fi ƙarfinsu. Kowace mace a wurin ta san wace ce wace, ba sai an faɗa ba. Wannan ne abin da ban so a anko: an ƙirƙiro shi don mai shi da marar shi su zama ɗaya a rana ɗaya, sai ga shi launi ya koma rasit, yana faɗin nawa kowa ya biya da ranar da ya biya. Bazawarar da ta sayar da akuya don kada a ce ba ta yi kara ba, ba abin dariya ba ce, kuma duk wanda ya yi mata kallon banza shi ne marar tarbiyya. Amma kai, mai loda tirela zuwa Kudu, kai da in albasa ta yi tsada har gaisuwarka takan gajarce, ba ka cikin waɗanda wannan rangwame ya shafa.

Matarka ma, wadda da ana bin cancanta gidanmu za a kawo ta, ta fito tsaf: zane da riga da ɗankwali turmi ɗaya, gyale da takalmi sun amsa wa juna. Na lura duk lokacin da mai hoto ya ce iyali su matso, sai ta tura yara gabanka. Kai ka ɗauka so ne. Katanga take ginawa.

Wani daga cikin mutanenku ya ce in yi maka sassauci, wai ku mutanen Aliero gwanayen haɗa abin da ya rabu ne. Gaskiya ne, masu ɗorin garinku sun yi suna, daga nesa ake ɗauko mai karaya a kawo musu, kuma ina girmama su. Sai dai ko su, ƙashin mutum ɗaya suke mayarwa wurinsa. Ba su taɓa ɗauko ƙafar wani daga kasuwa bayan magariba sun ce ai duka ƙafa ce ba.

Ga hukunci, kuma ba ɗaukaka ƙara. Wandon nan a ba marini ya tsoma shi har sai ya yi duhun da ba mai shakka a kansa, ka riƙa sa shi da farar riga, ko ka bar shi na zuwa fadama. Rigar a nemo mata farin wando, ka fita da ita a matsayin shiga irin ta da, ba anko ba. In an sake fitar da anko a dangi, kuɗinka ta hannuna za su bi, ni zan karɓo maka goma cif, in kai wa tela da kaina, in tsaya har ya yanka. Ɗanka kuma ya bar Sikotlan ta huta, ya koma kan karatun da aka tura shi.

Watan cika-ciki na tafe, na san za ka zo da tsintsiyarka kana washe baki kana neman kuɗin shara. Kada ka wahalar da kanka. Na bana na riƙe su, yadi uku zan saya maka da su.